Abin da Ya Cinye Gashin Shakallo

— Ga ta nan tafe, yara, ga ta nanku.

— Ta ƙaraso, Iya, mu ji ta.

To, ku matso kusa. Mati, janye ƙafarka daga ƙwaryar gyaɗar nan. Wannan tatsuniya akwai waƙa a cikinta. In na ba da, ku amsa mini da "Sosa, Shakallo, sosa." Ku faɗa in ji.

— Sosa, Shakallo, sosa.

Yawwa.

Wani maharbi ne, sunansa Nomau. Gidansa na can ƙarshen gari, daga dangarsa sai daji. Yana zaune da matarsa Kande, da tsohuwarsa Inna Dubu, da kaji cike da akurki, da kare guda ɗaya.

Karen nan ba irin karnukan yanzu ba ne. A wancan zamani gashin kare har ƙasa yake ja. Na wannan kuwa ya fi na kowa. Ja ne, mai laushi, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. In ya gifta, mata su tsai da taɓarya su bi shi da ido. Shi ya sa aka sa masa suna Shakallo.

Aikinsa biyu ne. In Nomau zai shiga daji, ya bi shi. In Nomau ya tafi gona, ya tsare kaji. Tun da aka kawo shi gidan yana ɗan kwikwiyo, ko ɗan tsako bai taɓa ɓata ba.

A bayan dangar nan kuwa akwai Dila. Abu biyu ne suka hana Dila sakat. Na farko, kajin Nomau. Kullum yana jin kukansu, bai taɓa jin ɗanɗanonsu ba. Na biyu, ƙuma. Kun san ƙuma, ɗan mitsitsin ƙwaron nan mai tsalle, mai shan jini. Su ƙuma sun kafa gari a jikin Dila. Sun haifi 'ya'ya, sun ga jikoki, har sun naɗa sarki. Sun tsotse shi, duk ya bushe.

Ran nan Dila ya zauna ya yi tunani. Sai ya kira Sarkin Ƙuma, ya ce shi wallahi tausayinsu yake ji.

Ya ce, "Ku dube ni. Jinina ya zama ruwa, gashina ya zama yayi. Me kuka tsaya ci a nan? Na san wani gari. Inuwa har ƙasa, jini mai ɗumi, mai garin kuwa tuwo yake ci da romo."

Sarkin Ƙuma ya tambaya ko garin da nisa, don akwai tsofaffi da masu goyo. Dila ya ce ba wanda zai taka ƙasa, shi zai kai su har ƙofa. Ya samo wani tsohon buzu da makiyayi ya yar. Ya kwanta a kai ya yi birgima. Su ƙuma suka ɗaure kayansu, suka sauka cikin buzun nan kaf. Dila ya naɗe.

Da rana ta take, ya zo wata kafa ta jikin danga, ya yi sallama. Shakallo ya taso zai yi haushi. Dila ya ce ya kwantar da hankalinsa, ba wurin kaji ya zo ba, wurinsa ya zo. Ya ce ya daɗe yana leƙen gashin nan nasa, abin na ba shi takaici, a ce mai gashi irin wannan a ƙasa yake kwana. Ya turo buzun ta kafa, ya ce kyauta ce, ta zumunci.

Shakallo zuciyarsa fara ce, amma tunaninsa ba ya nisa. Ya yi godiya har da kaɗa jela. Ya ja buzu, ya shimfiɗa a ƙarƙashin rumbu. Ya kwanta, ya ji laushi. Ya ce ashe Dila mutumin kirki ne, ƙarya ake yi masa.

Gari bai waye ba sai da bayan kunnensa ya fara ƙaiƙayi. Ya ɗaga ƙafa ya sosa. Ya lafa. Sai wuya ya ɗauka. Ya sosa wuya, sai gadon baya. Ya sosa gadon baya, sai ciki.

Ya ce ƙarangiya ce. Ya duba, babu ƙarangiya. Ya ce to, cinnaka ne a ƙarƙashin rumbun nan. Ya tashi ya sake wurin kwana, ya koma gindin turmi. Amma fa da buzunsa ya koma. Can ma bai tsira ba. Ya ce ashe gindin turmi ma akwai cinnaka. Ya ja buzunsa ya koma bayan ɗakin girki. Nan abin ya fi ƙamari.

Sai gashi ya fara zuba. In ya sosa, ya ga jan gashi a farcensa. Wuri ya buɗe a kwiɓinsa kamar bakin ludayi. Fatar ta yi ja, ta yi ƙuraje, ta yi kaushi. Kafin a jima bakin ludayi ya zama faifai.

Tsoro ya kama shi. Ga dalili. Akwai wani kare a maƙwabta da ya taɓa yin kirci, ciwon fatar nan mai tsige gashi. Shakallo na gani aka ɗaura masa igiya aka yi daji da shi. Igiya ta dawo, kare bai dawo ba. A ranar kuma ya ji Nomau na cewa, shi ma kare mai kirci ba zai kwana a gidansa ba.

Saboda haka ya ɓoye. In Nomau ya fito, ya kwanta da ɓarin nan a jikin bango. In an kira shi, ya taho a karkace, yana nuna ɓari mai kyau. Kande ta ce karen nan sabuwar yanga ya koyo. In ba kowa a tsakar gida, sai ya zauna yana susa yana waƙa. Ku amsa.

Wa ke cin bayana?

— Sosa, Shakallo, sosa.

Na juya, ban gan shi ba.

— Sosa, Shakallo, sosa.

Gashina na bin iska.

— Sosa, Shakallo, sosa.

Da abin ya ishe shi, ya ce bari ya nemi magani a ɓoye. Ya ɗauki ƙashin da ya adana, ya zagaya ta bayan gari, ya tafi wurin Ungulu. Tana zaune kan kukar mahauta. An ce ba ciwon da ba ta sani ba, don duk abin da ya mutu ita ke fara duba shi.

Ya gaishe ta, ya ajiye ƙashi, ya nuna mata kwiɓinsa. Ta sauko, ta zagaya shi, ta karkata kai. Ta ce ai wannan a fili yake, sanyi ne ya shige shi. Ya je juji inda ake zuba toka mai zafi, ya yi birgima a ciki, sannan ya zauna a rana har ta faɗi.

Shakallo ya yi godiya. Har ya juya zai tafi, sai idonsa ya faɗa kan kanta. Fes, ba gashi ko ɗaya.

Ya ce, "Gwaggo, ke ma wannan maganin kika yi?"

Ta ce, "Shi na yi. Ka ga ina susa?"

Ya duba. Lalle ba ta susa. Ya ce, "To, amma gashin fa?"

Ta ce, "Ƙaiƙayi ka kawo mini, ko gashi?"

Ya rasa wanne ya kawo. Kafin ya tuna, ta ɗauke ƙashi ta koma sama.

Ya tafi juji. Ya sami toka tana hayaƙi, ya faɗa ciki. Gashin cikinsa ya babbake, ƙauri ya tashi. Ya cije, ya zauna a rana yana haki. Su ƙuma kuwa suka shige can ƙarƙashin hamata, inda inuwa take. Sarkinsu ya ce bana bazara ta zo da wuri, kowa ya sha jini da yawa kada ƙishi ya kama shi. Suka duƙufa.

Shakallo ya dawo gida fari fat da toka, ya faɗa kan buzu. Ƙaiƙayi ya ninka, ga kuma ƙuna.

Wa ke cin bayana?

— Sosa, Shakallo, sosa.

An ce sanyi, na sha wuta.

— Sosa, Shakallo, sosa.

Gashina na bin iska.

— Sosa, Shakallo, sosa.

Sai ya tuna da Kwaɗo, wanda ke bakin tafki. An ce shi ma ya san magani, don fatarsa kullum sumul take. Ya tafi, ya tarar da shi kan wani ganyen bado, ya kwashe labari ya gaya masa.

Kwaɗo ya kumbura wuya. Ya ce wane mara hankali ne ya tura shi toka? Ai wannan zafi ne, ko makaho ya shafa ya san zafi ne. Ya shiga taɓo har wuya, kada ya fito sai inuwa ta juya.

Shakallo yanzu ya fara wayo. Ya dubi Kwaɗo sama da ƙasa. Ya ce, "Malam, ina naka gashin?"

Kwaɗo ya ce, "Na warke ne."

Ya ce, "Ka warke daga me?"

Kwaɗo ya ce, "Daga gashi. Ai gashin shi ne ciwon. Kai ma ga shi ka kama hanya."

Shakallo ya ce amma inda gashin ya zube, nan ne ya fi yi masa ƙaiƙayi. Kwaɗo ya ce ciwon ne ke yi masa sallama. Ya yi tsalle, tsulum, ya nutse.

Shakallo ya tsaya a bakin ruwa. Shi dai ya san ya zo ne don gashinsa ya dawo. Yanzu kuma an ce zubar gashin ita ce lafiya. To, ciwo yake yi, ko warkewa yake yi? Ya rasa. Ya ce bari dai ya shiga taɓon.

Ya shiga har wuya. Sanyi ya ratsa shi, jikinsa ya yi laƙwas. Ya ce Alhamdu lillahi. Ashe a ciki Sarkin Ƙuma ya sa an yi shela, ambaliya ta zo, kowa ya hau tudu. Duk garin suka kwashe suka hau kansa. Suka cika kunnuwa, suka cika goshi, har kan hanci. Jiki ya yi shiru, kai ya kama da wuta. Ƙafafunsa kuwa na cikin taɓo, ba halin susa.

Ya ce, "Ashe ciwon nan tafiya yake yi."

Da inuwa ta juya ya fito. Taɓo ya bushe a jikinsa, ya tsattsage. Duk ɓawon da ya faɗi, da gashi yake faɗuwa. Su ƙuma suka sauko, kowa ya koma unguwarsa.

To, yanzu fa kan Shakallo ya ɗaure. Ungulu ta ce sanyi. Kwaɗo ya ce zafi. Ya ce wataƙila dukansu gaskiya suka faɗa. Sai ya riƙa kwanciya a bakin inuwar rumbu, rabinsa a rana, rabinsa a inuwa. In rabin rana ya yi ƙaiƙayi, ya ce Kwaɗo ne da gaskiya, ya juya. In rabin inuwa ya ɗauka, ya ce a'a, Ungulu ce, ya sake juyawa. Haka ya wuni yana juyi kamar waina a tanda.

Mutanen gidan ma abin ya ɗaure musu kai. Kande ta yi shara, ta tara jan gashi cike da faifai. Ta tsinci gashi a randa, ta tsinta a miya. Ta ce wani ne ke yi musu asiri. Nomau ya ce ko akuyar maƙwabta ce ke shigowa. Ba wanda ya kawo Shakallo a ransa, don kullum da safe sai ya je tafki ya shafe jikinsa da taɓo. Suka ce karen nan dai ya zama ƙazami.

Wa ke cin bayana?

— Sosa, Shakallo, sosa.

An ce zafi, na sha taɓo.

— Sosa, Shakallo, sosa.

Gashina na bin iska.

— Sosa, Shakallo, sosa.

Yana cikin waƙar nan sai ya ji sallama ta kafar danga. Dila ne. Ya yi ɓul-ɓul, gashinsa ya cika, yana ƙyalli. Shakallo ya gan shi, ransa ya yi sanyi. Ya ce yau dai ga mai magani da gashi a jikinsa.

Ya gaya masa komai. Dila ya saurara, yana girgiza kai, har da matse ido kamar zai yi hawaye. Ya ce Ungulu da Kwaɗo duk shirme suka yi masa. Ba sanyi ba ne, ba zafi ba ne. Ya sassauta murya.

Ya ce, "Kaji ne."

Shakallo ya ce, "Kaji?"

Ya ce, "Dubi waccan. Ka ga yadda take kallonka da ido ɗaya? Ka taɓa ganin mai son ka da alheri ya kalle ka da ido ɗaya?"

Shakallo ya waiga. Wata kaza ta karkata kai tana kallonsa da ido ɗaya. Ya dubi wata, ita ma haka. Ya dubi zakara, shi ma haka. Shekara da shekaru yana tsaron su, bai taɓa lura ba.

Dila ya ce baƙin cikin gashinsa suke yi, idonsu ne ke tsige shi. Maganin kuwa ɗaya ne. Ya tafi inda idon kaza ba ya kai wa. Ya hau dutsen bayan gari tun da hantsi, ya ba gida baya, kada ya sauko sai la'asar. Zai ji kaji na ihu. Kada ya waiga, sharrinsu ne ke koma musu.

Shakallo ya ce, "To, wa zai tsare su?"

Dila ya ce, "Ba ga ni ba?"

— Iya, kuma ya yarda?

Ya yarda mana, Lantana. Ke ma in ƙaiƙayi ya hana ki barci, aka ce ki hau dutse, hawa za ki yi.

Washegari Nomau da Kande suka tafi gona. Inna Dubu ta shiga maƙwabta barkar haihuwa. Shakallo ya fice, ko tafki bai biya ba, ya hau dutse, ya ba gida baya. Can sai ya ji akurki ya kaure. Jikinsa ya ce tashi. Ƙafarsa har ta ɗaga. Ya tuna maganar Dila, ya mai da ita, ya sosa kunne da ita. Ihu ya yi yawa. Ya ce lalle magani na ci. Ihu ya ragu, ya ragu, ya ɗauke. Ƙaiƙayi kuwa na nan inda yake.

La'asar ta yi, ya sauko. Ya shigo gida, ya tarar da tsakar gida fari da gashin kaji. Akurki a buɗe, wayam. Sai wata tsohuwar kaza da zakara a kan rufin ɗaki, suna makyarkyata. Dila ba ya nan. Nomau na tsaye, fartanya a kafaɗa. Kande na zaune a ƙasa ta riƙe kai.

Ranar kuwa babu taɓo a jikinsa, duk ya kankare shi a kan dutse. Suka gan shi yadda yake. Baya tsirara. Kwiɓi duk miki. Ciki a ƙone. Gashi ɗan tsiro nan, ɗan tsiro can.

Kande ta miƙe ta ja da baya. Ta ce ga dabbar da ta cinye kajin nan, kuma da alama ta cinye Shakallo ma. Nomau ya ƙura masa ido. Shakallo ya kaɗa ɗan abin da ya rage na jelarsa. Nomau ya sauke fartanya a hankali. Ya ce, "Shi ne."

Shakallo ya buɗe baki ya yi bayani. Ya faɗi na Ungulu, ya faɗi na Kwaɗo, ya faɗi na idon kaji, ya ce a jira Dila ya zo zai ba da shaida. Amma mutane ba sa jin maganar kare. Abin da suka ji kawai, haushi da kuka. Kande ta ce ya haukace. Shi ya cinye kajin, haukan ne ya tsige masa gashi.

Nomau ya juya. Ya shiga ɗaki, ya fito da igiya da baka. Ya durƙusa ya ɗaura igiyar a wuyan Shakallo. Shi ne fa ya rene shi, a tafin hannunsa ya koyi shan nono. Shakallo ya ga igiya, ya gane inda za a. Bai yi gardama ba. Ya sunkuyar da kai ya bi.

Sun kai bakin zaure sai ga Inna Dubu ta dawo, tana dogara sanda. Ta tsaya a ƙofa, ta cika ta. Ta tambayi ina za a kai shi. Nomau ya gaya mata. Ta ce a ɗebo ruwa a ƙwarya. Aka ɗebo, ta ajiye a gaban Shakallo. Ya wuni a kan dutse, ya shanye tas, ya lashe ƙwaryar. Ta buɗe bakinsa ta leƙa. Ba jini, ba gashin kaza. Ta ce ita dai ba ta ga hauka a nan ba, ba ta kuma ga ɓarawo ba.

Nomau ya ce, "To, Inna, me ke damun sa?"

Ta ce, "Ban sani ba. Na dai ga yana da dauɗa, kuma yana jin ciwo. Ba ni igiyar."

Ya ce ta san dai maganarsa a kan kare mai kirci. Ta ce ta sani. Ta ce shi ma da yana yaro ƙazuwa ta taɓa cin sa har ba a son zama kusa da shi, ba ta kai shi daji ba. Nomau ya dubi ƙasa. Ya miƙa mata igiya. Ya ce in kaka ta yi bai warke ba, ba ruwansa.

Inna Dubu ta ɗora tukunya. Ta tafasa ganyen darbejiya har ruwan ya yi kore. Ta bari ya huce. Ta ɗauko almakashi ta sauke sauran gashin duka. Shakallo na kallon gashinsa a ƙasa, hawaye na zuba. Ta zaunar da shi a babban kwano, ta cuɗe shi da sabulun salo tun daga hanci har jela. Wannan karon ba tudun hawa, don har kan ta wanke. Ruwa ga ɗaci, ga kumfa. Garin su ƙuma ya watse, ruwa ya tafi da su. Ta tsane shi, ta shafe shi da man kaɗanya.

Da ta je share makwancinsa, ta ga buzu. Ta ɗaga, ta toshe hanci, ta ce wannan wari fa? Ta jefa shi a murhu. Shakallo ya yi tsalle zai ciro, don kyautar abokinsa ce. Ta daka masa tsawa, ya koma ya kwanta yana kallon buzu na ci, ransa a ɓace. Ta shimfiɗa masa sabuwar tabarmar kaba a ƙofar ɗakinta.

Ta sake yi masa wanka. Ta kuma sakewa. Tana dama masa kunu da nono. Miki ya kame, ɓawo ya faɗi, fata ta yi laushi. Kafin gero ya nuna, gashi ya tsiro. Amma gajere ne, ya kwanta a jiki, bai ƙara tsawo ba. Mata ba su sake tsai da taɓarya dominsa ba.

Ran nan Nomau ya dawo daga daji da gada. Ya feɗe, ya yanko hanta, ya jefa wa Shakallo. Ya shafa kansa. Da safe da zai fita, ya yi masa fito kamar da. Shakallo ya bi shi yana tsalle.

Sai dai har yanzu akwai abin da ke cin ransa. Wane magani ne ya warkar da shi? Ya ce ko tokar Ungulu ce, ta yi jinkirin ci. Ya ce ko taɓon Kwaɗo ne. Ya ce wankan Inna Dubu dai wanka ne kawai, ita da bakinta ta ce ba ta san ciwon ba. Sai ya dubi akurki. Da kaji na da yawa, yana ciwo. Da suka ragu, ya warke. Ya ce to, ko Dila ne da gaskiya? In kuwa Dila ne da gaskiya, ina kajin suka tafi? In shi ya cinye su, taimako ya yi masa ko cuta? Ya bi ta nan, ya bi ta can, bai fita ba.

Yana cikin wannan tunani, zai kwanta kan tabarma, sai ya ji wata 'yar siririyar murya.

Aka ce, "Sannu da hutawa, mai gari."

Ya miƙe. Ya ce, "Wa ke magana?"

Aka ce, "Baƙinka ne. Ni da mai ɗakina muka rage."

Sarkin Ƙuma ne. Ranar wanka ya ja matarsa suka maƙale a gindin jela, inda kumfa ba ta kai sosai ba.

Shakallo ya ce, "Kuna ina?"

Aka ce, "Bayanka."

Ya juya. Ba kowa. Ya ce, "Ban gan ku ba."

Aka ce, "Ai ka juya da mu. Muna bayanka."

Ya sake juyawa. Ya ce, "Wa ya kawo ku?"

Aka ce, "Abokinka mai buzu. Mun gode da masauki." Sai aka gantsara masa cizo.

Ya kai baki, ya cafki jelarsa, ya ji zafi, ya saki. Ya juya na uku, jiri ya ɗebe shi, ya zube kan tabarma. Ya kwanta yana haki. Ya ce Ungulu ta ce sanyi, Kwaɗo ya ce zafi, Dila ya ce kaji, Inna ta ce ba ta sani ba, yanzu kuma jelarsa ta ce Dila. Ya ce ba zai yarda da kowa ba sai ya ji daga bakin Dila.

Tun daga ranar gashin kare ya zama gajere. Tun daga ranar, in kare zai kwanta sai ya juya, ya juya, ya juya, yana neman mai maganar nan ta bayansa. In kun ga ya kai wa gindin jelarsa cizo, jikokin Sarkin Ƙuma ne suka gaishe shi. In kuma ya hango dila a daji, sai ya bi shi da gudu yana kira. Tambaya ɗaya zai yi masa. Dila kuwa bai taɓa tsayawa ba.

— Iya, to daga baya ya gane?

Har yau bai gane ba, Mati. Ku dai ku gane. In abu ya same ku a jiki, kada ku rufe shi da taɓo ku tafi neman magani wurin duk wanda kuka tarar a hanya. Ku nuna wa na gida tun yana bakin ludayi. Ko ba su san sunan ciwon ba, su ne za su zauna su wanke ku.

Ƙurungus, kan kusu ya faɗa tukunyar darbejiya. Wanda ya tsamo, nasa ne.

— Ba ma so, Iya, da ɗaci.

To, ku bar shi a ciki. Ke Lantana, tun ɗazu nake ganin kina sosa ƙeya. Zo nan kusa da fitila in duba.